Ƙwallon mangwaro da ɓawonshi: shara ne ko cimaka?

Daga watan Afrilu zuwa watan Yuni mangwaro yana cika kasuwanni. Akwai na garaken Gaya da na bakin kogi a Yamai, akwai na gulbin Maraɗi, da na Mirya da Matamaye. Wani kuma manyan motoci ke kawo shi daga Burkina Faso da Nijeriya. Yara da manya kowa yana sha. In an shanye sai a yada ɓawo, a jefar da ƙwallo. Ranar kasuwa da marece, duk inda mutum ya taka ƙwallon mangwaro ne, ƙuda na bi, awaki na lasa.

Ba a daɗewa bayan haka sai damina ta faɗi. Ana noma, aiki ya yi yawa, rumbu kuwa ya yi ƙasa. A gidaje da yawa uwargida tana auna hatsi da hankali domin ya kai iyali kaka. Shi ya sa tambayar wannan darasi take da amfani. Abin nan da ake zubarwa cikin bazara, yana iya taimakon tukunya cikin damina?

I, yana iyawa. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ba na wasa ba ne. Wanda ya san rabin maganar kawai yana iya cutar da iyalinshi. Saboda haka ya kamata a karanta darasin har ƙarshe, a tattauna shi cikin aji, kafin a taɓa turmi.

Nawa ake zubarwa?

Masu bincike sun auna. In aka ɗauki kilo 100 na mangwaro, abin da ake zubarwa yana kamawa daga kilo 35 zuwa kilo 60. Ya danganta ga irin mangwaron. Mangwaro mai aure yana da tsoka da yawa, ƙwallonshi siriri ne. Ƙaramin mangwaron gida mai zare-zare kuwa ƙwallonshi babba ne, tsokar kaɗan ce.

A cikin gida ba a ganin yawan wannan shara, don kowa ɗaya ko biyu yake sha. Inda ake ganinta shi ne masana'anta. A Burkina Faso, wajen Bobo Julaso da Banfora, akwai wurare da yawa da ake shanya mangwaro ana saida shi ƙasashen waje. A Orodara akwai masana'antar da ke matse ruwan mangwaro. A irin waɗannan wurare ɓawo da ƙwallo tsibi-tsibi suke taruwa kowace rana. Suna ruɓewa, suna wari, suna kiran ƙuda. Haka abin yake a Indiya, ƙasar da ta fi kowace noman mangwaro a duniya, don wajen kashi 4 cikin 10 na mangwaron duniya can ake samun shi. Wannan damuwa ce ta sa masana suka shiga bincike. Suka shanya sharar, suka niƙa ta, suka auna abin da ke cikin garin.

Abin da suka gano na farko shi ne gari biyu ne, ba ɗaya ba. Garin ƙwallo daban, garin ɓawo daban. Amfaninsu ba ɗaya ba ne, kuma bai kamata a ruɗe su ba.

Abin da ke cikin ƙwallo

Ƙwallon mangwaro yana da kwasfa mai tauri a waje. Wannan kwasfa ba a cin ta, sai dai a shanya ta a hura wuta. In an fasa ta, a ciki akwai ƙwaya fara, mai kamar ƙoda. Kowane yaro ya san ta. Wannan ƙwaya ita ce guzurin da itacen ya yi wa ɗanshi, domin ya ci kafin ya yi saiwa. Kamar yadda ƙwayar hatsi da ta wake suke ke nan. Don haka ba abin mamaki ba ne a iske cimaka cikinta.

Jikin mutum yana bukatar cimaka iri uku. Akwai mai ba da ƙarfin aiki, kamar hatsi, dawa, rogo da mai. Akwai mai gina jiki, kamar wake, gujiya, nama, kifi, nono da ƙwai. Akwai mai tsare jiki daga cuta, kamar ganye da ɗiyan itace. To, ƙwayar mangwaro tana cikin kashi na farko.

In aka busar da ita sarai aka auna giram 100, wajen giram 60 zuwa 70 sitaci ne, wato farin garin nan mai ba da ƙarfi, irin wanda ke cikin hatsi. Wajen giram 10 mai ne. Abin gina jiki, wanda masana ke kira furotin, bai wuce giram 6 zuwa 10 ba. Sauran ɗan gishiri-gishiri ne da zare.

Sai a gwada da abin da aka sani. Giram 100 na hatsi yana da wajen giram 10 ko 11 na abin gina jiki, da wajen giram 5 na mai. Giram 100 na wake yana da wajen giram 23 na abin gina jiki. Ke nan wajen ƙarfi garin ƙwayar mangwaro ya kama ƙafar hatsi, har ma ya fi shi mai kusan sau biyu. Wajen gina jiki kuwa hatsi ya ɗara shi, wake ya fi shi nesa ba kusa ba.

Man da ke cikin ƙwayar mai kyau ne. Yana daskarewa kamar man kaɗanya. A Indiya ana tatsar shi ana saidawa, ana yin man shafawa da sabulu. A shekarar 2000 ƙasashen Tarayyar Turai suka yi doka bisa cakulan, alewar nan da ake yi da koko. Suka yarda a sa ɗan wani mai cikinta banda man koko, kada ya wuce kashi 5 bisa 100. Mai iri shida kawai suka yarda da su. Man kaɗanya yana ciki, man ƙwallon mangwaro ma yana ciki. Ashe abin da akuya ke lasa a kasuwar ƙauye, ɗan'uwanshi yana shiga alewa mai tsada a Turai.

Bauri

Wanda ya taɓa tauna ɗanyar ƙwayar mangwaro ya san abin da ya ji. Tana da bauri ƙwarai, tana kama harshe, tana busar da baki. Abin da ke kawo wannan bauri sunanshi tanin. Majema sun san shi ko da ba su san sunan ba, don shi ne ke cikin bagaruwa. Shi ke kama fata ya sa ta yi ƙwari, ta daina ruɓewa. Dukawa ma sun san in bagaruwa ta gamu da ƙarfe baƙi take badawa. In aka yanka ƙwayar mangwaro da wuƙar ƙarfe, aka ga wuƙar da ƙwayar sun yi baƙi-baƙi, aikin tanin ne.

Abin da tanin ke yi wa fata, kusan shi yake yi wa abinci cikin ciki. Yana kama abin gina jiki ya riƙe, jiki bai samu ba. Yana kuma kama sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙara jini. Mace mai ciki da ƙaramin yaro su suka fi bukatar wannan sinadari. Ke nan in aka daka ƙwayar haka nan aka zuba cikin tuwo, ba a ƙara cimaka ba, rage ta aka yi. Ciki ya cika, jiki bai amfana ba. Ga ɗaurewar ciki bisa kai.

Banda tanin, ƙwayar tana da ɗan guba irin wanda ke cikin rogo mai ɗaci, amma kaɗan ne. Abin daɗi shi ne, tanin da wannan guba duka ruwa da wuta suna rage su.

Wannan ba baƙon aiki ba ne ga matan karkara. Sun san anza. Ba mai cin ƙwayar anza haka nan, don ɗacinta ba ya ciyuwa. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, sannan ta zama dilo. Wadda ta iya gyaran anza ta riga ta iya rabin gyaran ƙwayar mangwaro.

Yadda ake gyara ta

Da farko a zaɓi ƙwallo. Sabo ake so, wanda aka sha mangwaronshi yau ko jiya. Wanda ya kwana bisa juji, ko ya sha ruwan sama, ko dabba ta tauna, a bar shi. A wanke ƙwallayen, a baza su rana kwana ɗaya ko biyu domin kwasfar ta yi sauƙin fasawa. Fasawa aikin manya ne, don ƙwallo yana da santsi, wuƙa tana kuɓucewa.

In an fasa sai a duba kowace ƙwaya da ido. Mai kyau fara ce, ko mai ɗan ruwan ƙwai, tana da ƙwari. Wadda ta yi baƙi, ko ta yi laushi, ko aka iske ƙwaro ya yi gida cikinta, a zubar da ita. Kada a yi rowa a nan. Ƙwaya ɗaya maras kyau tana ɓata kwano guda.

A cire siririyar fatar da ke lulluɓe da ƙwayar. A yayyanka ta ƙanana, kamar girman wake, ko a ɗan farfasa ta cikin turmi. In gutsattsarin sun yi ƙanana ruwa ya fi shigarsu, bauri ya fi saurin fita.

Sai jiƙo. A zuba cikin tukunyar ƙasa ko roba mai tsabta, a sa ruwa ya sha kansu. Ba da daɗewa ba ruwan zai yi ja-ja kamar ruwan shayi. Baurin ke nan yake fita. A zubar, a sake wani. A riƙa sakewa safe da rana da marece, don cikin zafin bazara ruwan da ya daɗe yana tsami, ya yi wari. A yi haka kwana biyu ko uku. Alamar ya yi ita ce ruwan ya daina yin ja, kuma in aka ɗanɗana gutsure ɗaya ba ya kama harshe. In har yana kamawa a ci gaba, ko da kwana nawa ne.

Bayan jiƙo a tafasa cikin sabon ruwa wajen rabin awa. A tsiyaye ruwan a zubar. Ba a yin miya da shi, ba a ba dabba.

Daga nan sai shanya, kuma nan ne ake yawan kuskure. A baza bisa tabarma mai tsabta, bisa rumfa ko wani wuri mai tudu, ba ƙasa ba. A baza shi siriri, a riƙa juyawa. Da marece a shigar da shi ɗaki. Kada a ɗauke shi sai ya bushe ƙayau, in an karya ya ce ƙas, cikinshi ba sanyi. Sannan a daka ko a kai injin niƙa, a tankaɗe.

Aikin nan yana da wuya, kuma yana cin ruwa. Yana faɗowa daidai lokacin da rijiyoyi suka yi nisa, mata suna kwana bakin rijiya. A garin da ruwa ke wuya, tulun ruwan ya fi garin da za a samu daraja. A garin da ke kusa da gulbi, ko mai famfo, ga kuma garaken mangwaro, nan ne abin yake da riba. Har wa yau jiƙo da tafasa suna tafiya da wani kashi na amfanin ƙwayar. Wannan asara ce, amma dole ce. Wanda ya taƙaita jiƙo don kada ya yi asara, asarar da ta fi ta zai yi.

Fumfuna tana kisa

A Indiya akwai jiha mai suna Odisha, da can ana ce mata Orisa. A cikin duwatsunta akwai talakawa da suka daɗe suna tara ƙwallon mangwaro cikin bazara. In damina ta yi tsakiya, shinkafa ta ƙare, sai su daka ƙwayar su yi kunu. Sun gaji wannan daga kakanninsu, sun kuma iya wanke baurin.

A shekarar 2001, a yankin Kashipur na wannan jiha, mutane da dama suka mutu cikin damina bayan sun sha irin wannan kunu. A ƙarshen shekarar 2024 abin ya sake faruwa a wani ƙauye na yankin Kandamal. Mata suka sha kunun ƙwallon mangwaro, suka kwanta da amai da zawo, wasu suka rasu. Hukuma ta ce abincin ne ya lalace. Wasu mutane suka ce yunwa ce ta kashe su, don da akwai shinkafa cikin gidajen da ba su sha ba. Maganganun biyu duka suna da gaskiya. Mai yunwa ba ya zubar da abinci ko ya ga ya canja, kuma nan haɗarin yake.

Abin da ke ɓata irin wannan cimaka shi ne laima. Ƙwayar da ba ta bushe sarai ba, ko garin da aka aje wuri mai sanyi, fumfuna tana kama shi. Kunun da ya kwana cikin zafi shi ma ƙwayoyin cuta suna haihuwa cikinshi. Manoman gujiya sun san fumfuna. Sun san gujiyar da ta sha laima, ta yi kore-kore, ta yi ɗaci. Wata fumfunar tana da gubar da ke cin hanta, kuma dahuwa ba ta kashe wannan guba. Tafasa ba ta gyara garin da ya riga ya ɓaci.

Saboda haka a aje garin cikin tulu ko gwangwani busasshe mai murfi, a ɗora shi bisa wani abu, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ya fi kyau a aje gutsattsarin busassu, a riƙa daka na kwana kaɗan, don garin yana da mai, in ya daɗe yana canja wari. Kowane mako a buɗe a duba. In an ga ya dunƙule, ko ya canja launi, ko yana warin ruɓa, a haƙa rami a binne. Kada a ba kaji, kada a ba awaki. Abin da aka dafa da shi kuwa a cinye shi ranar. In wani ya ci ya fara amai ko zawo, a kai shi gidan likita nan da nan, a faɗi abin da ya ci, kada a ɓoye don kunya.

Garin ɓawo

Ɓawon mangwaro wani abu ne daban. Ba ya ba da ƙarfin aiki kamar ƙwayar. In an busar da shi, wajen rabinshi zare ne, abin da masana ke kira fibir. Kamar dusar hatsi yake. Jiki ba ya narkar da shi, amma yana taimakon hanji, yana sa bayan gida ya zo da sauƙi. Ɓawon nunannen mangwaro yana kuma da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai tsare ido daga dundumi, da ɗan bitamin C.

A garin Maisur na Indiya akwai babbar cibiyar gwamnati mai binciken abinci. A shekarar 2008 masananta suka bayyana gwajin da suka yi. Sun haɗa garin ɓawon mangwaro da fulawa sun yi biskit. Da suka sa kashi 1 cikin 10, biskit ɗin ya yi kyau, zarenshi ya ƙaru, masu ɗanɗanawa suka karɓe shi. Da suka wuce haka sai ya fara duhu da tauri.

Amma a lura da wanda aka yi wa wannan biskit. Mutumin birni ne, mai cin farar fulawa da farar shinkafa da sukari, wanda abincinshi ba shi da dusa. Shi ke da ƙarancin zare. Mutumin karkara mai cin tuwon hatsi da miyar kuka da wake da tafasa ba ya rasa zare. Abin da yake nema ƙarfi ne da gina jiki. Don haka garin ɓawo bai kai garin ƙwaya amfani gare shi ba. Wanda yake son bitamin A na mangwaro, hanya mafi sauƙi ita ce ya sha mangwaron, ko ya yanyanka tsokar ya shanya ya aje.

Wanda duk da haka yake son gwadawa, sai ya wanke mangwaron da kyau tun kafin a fere shi, ba bayan an sha ba. Ɓawon da aka tsotsa da baki ba na gari ba ne. Kada a yi da ɓawon mangwaron da aka fesa wa maganin ƙwari, ko wanda aka nunar da farin dutsen nan na masu walda, don ga ɓawo waɗannan abubuwa suke zama. Mangwaron da ba a san garkar da ya fito ba, a bar ɓawonshi. A yanka siriri, a shanya a inuwa inda iska ke bi, don rana mai zafi tana cinye bitamin. Wasu mutane ruwan ƙaron da ke jikin ɓawon yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje ga leɓe. Irin waɗannan su nisance shi.

Sauran ɓawo ba sai an daɗe bisa kansu ba. Na ayaba shi ma zare ne mafi yawa. Na lemu yana da ƙamshi da bitamin C, amma yana da ɗaci, sai dai ɗan kaɗan don ƙamshi. A Barazil, ƙasar da ta fi kowace matse ruwan lemu, ɓawon busar da shi ake yi a ba shanu. Garin ɗiyan itace kuwa ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Akwai garin kuka, wanda ya fi lemu bitamin C sau da yawa, akwai garin magarya, akwai na goriba. Waɗannan tsokar ɗan itacen ce ba shara ba, ba sa bukatar jiƙo, kuma sun fi garin ɓawon mangwaro sauƙi da daɗi.

Wa zai ci, kuma nawa?

Garin ƙwayar mangwaro ba ya zama tuwo shi kaɗai. Gauraya shi ake yi. A fara da awo ɗaya na garin ƙwaya cikin awo tara na garin hatsi ko dawa. In iyali sun saba, ba wanda cikinshi ya ɓaci, ana iya kai shi biyu cikin goma. Masu binciken da suka gwada shi cikin burodi da biskit sun iske in ya yi yawa abincin yana duhu, ɗanɗanonshi yana canjawa. Burodi ma ba ya tashi sosai, don garin ba shi da danƙo irin na alkama.

Da yake abin gina jikinshi kaɗan ne, ranar da aka sa shi cikin tuwo ya kamata miya ta samu wake, ko ƙuli-ƙuli, ko daddawa, ko ɗan kifi.

Wannan cimaka ta manya ce masu lafiya. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai yake bukata. Yaron da ake ba kunu, ko wanda aka yaye, cikinshi ƙarami ne, kowane ludayi sai ya zama mai amfani. Kununshi na hatsi ne da wake da gujiya, a ƙara mishi nunannen mangwaro da aka matse. Kada a sa mishi garin ƙwaya, balle na ɓawo. Mace mai ciki da mai shayarwa su ma a bar musu hatsi zalla, saboda maganar ƙarin jini da aka yi a baya. Yaron da ya rame, ko ƙafafunshi suka kumbura, ko gashinshi ya yi ja, tamowa ce ta kama shi. Ba gari ne maganinshi ba, gidan likita za a kai shi.

Ke nan amfanin garin shi ne manya su ci gauraye, hatsin da aka rage ya tafi ga yara.

Ɗan lissafi

Ga misali da ƴan aji za su iya yi bisa allo. A ce an sha kilo 100 na mangwaron gida, aka samu kilo 20 na ƙwallo. Da aka fasa, ƙwayar ta ba da kilo 12. Ɗanyar ƙwaya kusan rabinta ruwa ne, saboda haka bayan jiƙo da shanya sai a ce kilo 6 ya rage. Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi ce. Ke nan kilo 100 na mangwaro bai ba da tiya uku ta gari ba.

Wannan lissafi yana nuna iyakar abin. Garin ƙwallon mangwaro ba zai cika rumbu ba, ba zai tare yunwar shekarar fari ba. Duk wanda ya ce zai yi haka ya faɗi abin da ya fi gaskiya. Gida ɗaya ba ya shan mangwaron da zai ba shi buhu. Inda abin ke da ma'ana shi ne wurin da ƙwallo ke taruwa da yawa kuma da tsabta: wajen mai garka, wajen mata masu shanya mangwaro ko matse ruwanshi, wajen ƙungiyar da ta haɗa kai ta raba aiki. In ƙungiya ta samu tiya 20, aka riƙa sa ɗaya cikin goma, to, hatsin tiya 180 ya zama tuwon tiya 200.

Akwai kuma hanyar da ta fi sauƙi ga mai kiwo. An gwada ƙwayar mangwaro cikin abincin kaji. Ɗanya tana hana ƴan tsaki girma, saboda baurin nan. Wadda aka jiƙa aka tafasa kuwa tana iya maye wani kashi na masara ko dawa. Awaki da tumaki suna cin ɓawon, ɗanye ko busasshe, a lokacin da ciyawa ta ƙare. Dawar da kaza ba ta ci ba ta koma tukunyar gida.

Kuma kada a fasa ƙwallayen duka. Ƙwallon mangwaron gida shi ake shukawa ya fito, sannan a aura mishi reshen iri mai kyau. Ba ya daɗewa da rai, don haka cikin ƴan kwanaki bayan an sha ake sa shi ƙasa, a inuwa, kusa da ruwa. Malamin gona na yanki yana nuna yadda ake auren.